Jan Ɗigo a Fadaman Mada

Ba ni da saurin fushi. A gidanmu da ke Ɗan Iya ni ake turawa in ba mutum haƙuri ko da ba ni na yi masa laifi ba, saboda an ce muryata tana kwantar da rai. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya tun ina makaranta, na sha ruwa a kansa, na yi addu'a a kansa, ya ƙi wucewa. Shi nake so in rubuta.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin tsara birane. Malamin da ke duba aikina, wanda kowa ke ce wa Dakta, ya samo wani bincike a kan zirga-zirgar keken haya mai ƙafa uku a cikin garin Bauchi: ina masu keke suke tashi, ina suke bi, ina suke tsayawa. Aka sayo ƙananan wayoyi, aka sa musu wata manhaja da ke aiko da inda wayar take a kai a kai, aka manna wa kowace koriyar takarda a baya don a san ta aikin ce. Duk mai keken da ya yarda ya riƙe ɗaya har ƙarshen binciken, wayar ta zama tasa. Ni kuma aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in mayar da abin da wayoyin ke aikowa taswira.

Ranar da aka raba wayoyin, a ƙarƙashin wata rumfa kusa da kasuwar Wunti, Dakta ya tsaya cikin farar shadda ya ɗaga yatsa.

"Abu ɗaya nake so ku riƙe. Kada wayar nan ta mutu. Wanda tasa ta mutu, mun cire shi, mun karɓe abarmu."

Wani daga baya ya ce, "Yallaɓai, in ba a kawo wuta ba fa?"

"Wannan kuma dabara ta rage gare ku."

Aka yi dariya. Da za a watse, wani dattijo mai furfura a gemu, wanda sauran ke kira Baba, ya matso kusa da ni yana jujjuya tasa a hannu.

"Malama, wannan abin dai ba ƙararmu zai riƙa kaiwa ba ko?"

Na ce masa a'a, karatu ne kawai, ba sunan kowa a ciki. Abin da aka gaya mini ke nan, kuma abin da na yi imani da shi ke nan.

Na so aikin nan. Da safe sai in riga kowa zuwa ɗakin kwamfuta in kunna allon, in ga garinmu kwance fari fat, sannan ɗige-ɗige su fara farkawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fito daga Yelwa, wancan daga cikin gari, wani ya bi ta bayan layinmu har in ji kamar in leƙa in gaishe shi. Kafin hantsi sun cika tituna suna kai da komo. GRA kullum shiru, sai ɗigo ɗaya ko biyu ya shiga ya sauke wani ya fito da sauri, kamar wanda ya shiga ɗakin surukai. Ban taɓa ganin Bauchi daga sama ba, sai na ji kamar an ba ni aron idon shaho. Nakan manta da abincin rana ina kallo.

Sai na lura da wani abu. Idan rana ta take, ɗige-ɗige masu yawa sukan kama hanya ɗaya, a jere, manne da juna, su nufi wani lungu a Fadaman Mada. Da sun isa sai su tsaya cik, ba motsi, har bayan la'asar. Kullum haka. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne balbelu masu komawa bishiya ɗaya. Manhajar zanen taswira tana sa wa wurin da aka fi daɗewa launi mai zafi, saboda haka lungun ya fito ja wur, ya fi Wunti ja, ya fi bakin asibiti ja.

Da na nuna wa Dakta, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kin san abin da kika gano, 'yar nan? Tasha ce. Ɓoyayyiyar tasha, wadda ba ta cikin tsarin kowa. Masu keke sun kafa wa kansu cibiya a tsakiyar unguwa, hukuma ba ta sani ba."

A kan wannan jan ɗigo ya gina maƙalarsa. Ya aika wa wata mujalla ta ƙasar waje, ya kuma gabatar da ita a wani taron bita a otal a GRA, inda aka gayyato jami'an gwamnati. Ni ce mai danna kwamfuta don hotuna su sauya a bango. Da taswirar ta fito aka yi gunaguni na sha'awa. Wani jami'i mai ƙaramar hula, daga hukumar da ke kula da tituna, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton bangon, sannan ya tambayi wane layi ne wannan. Dakta ya kwatanta masa dalla-dalla, yana murmushi. Aka tafa, aka ci shinkafa da kaza.

Har zuwa ranar, babu wanda ya taka ƙafa ya je lungun. Abin da ya sa aka je shi ne masu tace maƙala a can mujallar sun nemi a haɗa da hoton tashar. Dakta ya ba ni kyamarar sashe ya ce in je da rana tsaka, lokacin da wurin ya fi cika.

Na je. Na sauka a bakin titi na shiga da ƙafa, ina duba taswira a wayata, ina sauraron inda zan ji ƙarar injuna da kiran fasinja. Abin da na tarar shi ne lungu mai shiru. Kafinta yana goge katako a ƙofar shagonsa. Tela yana taka keken ɗinki, rediyo na magana a gefensa. Wata akuya ta kwanta a inuwar katanga. Keken haya ko ɗaya babu. A daidai inda ɗigon ya fi ja, akwai wata ƙaramar kwantena mai shuɗin fenti, ɗan janareto na ƙara a bayanta.

Cikin kwantenar wata mata ce zaune, kakkaura, da ɗankwali ɗaure a baya da ƙaramin gicciye a wuya. Daga baya na san 'yar kudu ce, ta zo Bauchi da mijinta makaniki tun kafin a haife ni, ya rasu ta zauna. Duk unguwar Madam suke ce mata. Hausarta gudu take yi kamar ta kowa, sai dai mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Anti, caji za ka sa? Kawo, akwai wuri."

Na ce a'a, tashar keke nake nema.

"Tasha? Nan? Sai ka koma bakin titi."

Ina shirin juyawa idona ya sauka a kan kantar da ke bayanta. Wayoyi ne jere a kan katako, kowace da igiyarta, kamar jarirai a ɗakin haihuwa. Layi biyu na sama duk masu koriyar takarda ne a baya.

Na nuna su da hannu.

"Waɗannan? 'Ya'yan gwamnati ke nan. Ba sa barci, ba sa ƙoshi. Ka cika su yanzu, gobe da rana sun dawo suna kuka."

Muna cikin haka sai ga keke ɗaya ya shigo lungun. Baba ne. Ya fito da wata jakar leda mai kauri, ya ajiye a gaban Madam, ta fara zaro ragowar wayoyin tana soka musu igiya. Da ya gan ni ya washe baki.

"A'a, Malama, yau ke ce a unguwar tamu? Kin zo duba amanarku?"

Shi ya warware mini komai, yana tsaye yana fifita da hularsa. Manhajar tana shanye batir kafin azahar. A gida ba wuta. Wurin cajin da ke jikin keke ɗaya ne, kuma wayar mutum ta kansa ce a kai, wadda fasinja da iyali ke kira. Ga Dakta ya ce kada ta mutu. Sai suka yi shawara a tsakaninsu: kullum mutum ɗaya zai tsaya a Wunti, kowa ya miƙa masa tasa, ya zuba a jaka ya kawo wa Madam, saboda ita ba ta taɓa ɓatar da wayar kowa ba, kuma janaretonta ba ya yin fashi. Da yamma wani ya zo ya kwasa ya raba.

"Ki gaya wa Dakta," in ji shi, yana buga ƙirji a hankali, "tun da ya ba mu, ko sau ɗaya tawa ba ta mutu ba."

Na zauna a kan bencin Madam na yi ta dariya har hawaye suka zubo. Balbeluna a cikin jakar leda suke tafiya. Madam ta miƙo mini ruwan sanyi tana cewa wannan yarinya lafiya kuwa.

Da na tashi tafiya na zagaya ta ɗaya gefen kwantenar, sai dariyar ta tsaya. An zana babban gicciye da jan fenti a jikin ƙarfen, an rubuta a ƙasa cewa a kwashe.

"Wannan fa, Madam?"

Ta taɓe baki. "Wasu ne suka zo da mota. Wai nan haramtacciyar tasha ce, ni nake tara masu keke. Na ce su nuna mini keken. Suka ce ba sai sun gani ba, kwamfutar jami'a ta gani." Ta gyara wata igiya da ta kwance. "Shekara nawa ina nan, ba wanda ya ce mini matsa. Za su manta, haka suke."

Shagon kafinta da na tela a jikin gidaje suke, ba a taɓa su ba. Kwantenar ce kaɗai a tsaye ita kaɗai, ita ce abin da mota mai ƙugiya za ta iya ɗauka.

Ban koma gida ba, kai tsaye na wuce ofishin Dakta. Na nuna masa hoton kantar, da jakar Baba, da akuyar. Shi ma ya yi dariya, har da buga tebur. Sannan na nuna masa jan fentin. Ya daina dariyar, ya jingina da kujera.

"Kin gaya wa wani?"

"A'a, Malam. Wurinka na fara zuwa."

"Madalla. Ki bar shi a nan tukuna."

"Malam, za su ɗauke mata shago. Layi biyu kawai za ka rubuta musu, ka ce an sake dubawa an ga wurin caji ne."

"Mu muka ce su ɗauke? Ki duba maƙalar, akwai inda na ce a rushe wani abu? Mu masu bincike ne. Abin da hukuma ta yi da sakamako, wannan nata ne."

"Amma sakamakon ba daidai ba ne."

"Wayoyin ba su je wurin ba?"

"Sun je, Malam. Kekunan ne ba su je ba."

Sai ya sassauta murya, irin yadda uba ke yi wa 'yarsa, ya ce maƙalar ta riga ta yi nisa, masu ba da tallafi za su zo duba aikin, akwai ɗalibai da yawa da karatunsu ya rataya a kansa, har da nawa. Ya ce za a ambaci batun cajin a ƙarshe, a sashen da ake faɗin gazawar bincike. Ya ce wasiƙar kuma zai duba, in sha Allahu, bayan baƙin sun tafi.

Na miƙe zan fita, ya ce, "Af, batun hoton. Tunda kin saba da dattijon nan, ki ce masa su taru da kekunansu a lungun gobe da la'asar, ko na ɗan lokaci ne. Ki ɗauka daga nesa, yadda za su cika hoton."

Na tsaya da hannuna a kan ƙofa. An rene ni a kan cewa ba a musu da malami, ba a kallon tsakiyar idonsa. Abin da ya iya fitowa daga bakina shi ne, "Malam, kyamarar tana kan teburinka." Na fita. Har na kai bakin titi, abin da ya fi ci mini rai shi ne na rufe masa ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

Washegari na tafi hukumar da kaina. Na yi zaman jira a benci har aka shigar da ni wurin mai ƙaramar hular nan. Ya gane ni, ya yi mini tarba mai kyau, ya sa aka kawo mini lemo.

"Ke ce mai danna kwamfuta ranar nan. Aiki ya yi kyau, wallahi. Irin abin da muke nema ke nan, mu daina aiki da ka."

Na bayyana masa komai, na nuna masa hotunan. Na faɗaɗa taswirar na nuna masa cewa duk ɗige-ɗigen nan a wurin da bai fi tabarma ba suke tare, na tambaye shi keke nawa ne za su hau tabarma ɗaya. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai.

"To, Malama, wa ya zana taswirar?"

"Ni."

"Yanzu kuma ke ce kika zo ki ce ba haka ba ne."

"E."

"Kin ga matsalar. Dakta ne ya tsaya gaban manya ya yi bayani. In akwai gyara, shi zai rubuto, da hatiminsa. Ni ba zan shiga wurin oga in ce wata ɗaliba ta zo ta ce a fasa ba." Ya tura mini lemon kusa. "Kuma tsakani da Allah, ko ba tasha ba ce, kwantenar nan ta ɗan ci hanya."

"Shekara nawa ta yi tana cin hanyar ba ku gani ba?"

"Da ba mu da bayanai," in ji shi, ba tare da wata alamar wasa ba.

A gida Inna ta lura ban ci tuwo ba. Na ba ta labari tana tsince wake. Ta ce Allah ya isar wa baiwar Allah, sannan ta ce in bi a hankali, mutumin nan shi zai sa hannu a kundin digirina. Ban ga laifinta ba, ita ta san abin da aka sayar aka kai ni inda nake. Na shiga ɗaki na ɗauki biro, don tun ina yarinya in abu ya dame ni waƙa nake mayar da shi ya huce. Ranar ba abin da ya zo sai zagi, ni kuwa ban iya zagi ba. Na yi ta rubuta kalma ina sokewa.

Na koma wurin Dakta ban san sau nawa ba. Yau yana taro, gobe ya tafi Abuja, jibi yana tare da baƙi. Ranar da baƙin suka zo na ga jan ɗigon an buga shi a babban allo an kafa a ƙofar sashe, da hoton wasu kekuna a ƙarƙashinsa, waɗanda ko makaho ya san a Wunti aka ɗauka. Wata baƙuwa ta tsaya a gabansa tana cewa abin ban sha'awa. Na rubuta wasiƙar da kaina, layi biyu, na buga, na kai wa sakatariyarsa don hannu kawai zai sa. Bayan kwanaki na gan ta a kan teburinta an ɗora kofin shayi a kai.

Na je na roƙi Baba su daina kai wayoyin lungun, ko jan zai dushe a ce tashar ta watse. Madam ce ta hana.

"Anti, ka bar mini mutanena. Su ne rabin kasuwata. In za a ɗauka a ɗauka ina aiki, ba ina zaune ina kallon bango ba."

Wata Talata bayan azahar wayata ta yi ƙara. Baba ne. "Malama, sun zo," kawai ya ce.

Kafin in isa an riga an ɗaura wa kwantenar sarƙa. Mota mai ƙugiya ta cika lungun, mutanen unguwa sun tsaya a bakin ƙofofinsu. An ba Madam ɗan lokaci ta fitar da kayanta, ga su nan zube a ƙasa: janareto, benci, tarin igiyoyi, kalandar coci, da wani babban baho na roba da ta zuba wayoyin mutane a ciki, ta rufe da zani don ƙura. Ba ta kuka. Faɗa take yi wa wani ma'aikaci da ya taka mata soket.

"Kai, ɗaga ƙafarka. Wannan ba na gwamnati ba ne, da kuɗina na saya."

Mai ƙaramar hula yana tsaye a inuwa da takardu a hammata. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ina tambayarsa ina keken, ya nuna mini keke ɗaya, ya duba hagu ya duba dama ya nuna mini. Keken Baba ne kaɗai a wurin, shi ma labari ya ji ya zo. Mutane suka juyo suna kallona. Jami'in bai ko ɗaga murya ba.

"Malama, ki yi haƙuri. Aiki aka sa mu."

Ƙugiyar ta ɗaga kwantenar, ƙofarta na lilo. A inda ta tashi sai ga ƙasa mai duhu, murabba'i, da 'yan murafen kwalba da wata tsohuwar cajar da ta faɗa ƙarƙashi tun ba a san yaushe ba. Motar ta ja da baya da ƙyar, ta goge katangar wani gida, ta tafi.

Na ɗauka Madam za ta tattara ta wuce gida. Sai ta ja bencinta ta ajiye a tsakiyar duhun ƙasar nan, ta ce wa kafinta ya taimaka ya tayar mata da janareto. Ta shimfiɗa zani, ta jera soket a kai, ta fara zaro wayoyi daga baho tana soka musu igiya.

"Madam, me kike yi?"

"Mutum ya ba ni wayarsa ya tafi aiki. Zai dawo ya tarar ba wuta? Zo ka riƙe mini wannan, hannuna biyu ne."

Na zauna kusa da ita a rana. Tela ya kawo mana lema. Ɗaya bayan ɗaya masu wayoyi suka riƙa zuwa, kowa ya shigo lungun sai ya yi turus, ya kalli inda shagon yake da, ya kalle mu. Ita kuwa sai ta miƙa masa tasa ta ce ta cika, ko ta ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Wata yarinya ta zo karɓar ta mahaifiyarta ta tambaya gobe ina za a kawo. Madam ta ce ta gaida mamanta.

Can na buɗe taswirar a wayata, ban san dalili ba. Masu koriyar takarda suna kan zani a gabana, a kunne, suna ta aikawa. Lungun ja wur, kamar kullum.

Ba mu tashi ba sai da aka kira magariba, bayan an karɓi ta ƙarshe. Baba ya loda janareton da bencin a kekensa ya kai ta gida, ya ƙi karɓar ko sisi.

Daga nan masu keke suka rarraba wayoyinsu, wannan ya kai nan, wancan ya kai can, jan ya watse daga Fadaman Mada. Dakta ya aiko a kira ni, karo na farko tun ranar kyamarar. Na same shi cikin fara'a. Ya ce yana so in haɗa masa taswira biyu gefe da gefe, ta kafin a ɗauki mataki da ta bayan an ɗauka, don a nuna yadda bincike ke taimaka wa hukuma ta magance cunkoso. Maƙala ta biyu ke nan, kuma wannan karon sunana zai fito a kai.

Na ce, "Malam, ba zan iya ba."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to shi ke nan. Ya ba wani ɗalibi, ya yi masa ita, kuma na gani, ta yi kyau. Kundina ya daɗe a ofishinsa fiye da na kowa, amma daga ƙarshe ya sa hannu. Ranar yaye mu har hoto muka yi, yana tsaye kusa da Inna yana gaya mata 'yarta haziƙa ce, sai dai taurin kai. Maƙalun biyu suna nan, ana karantawa, ana kafa hujja da su. Na duba sashen gazawar binciken. An yi maganar ƙarancin wutar lantarki a jimla ɗaya, ba a ambaci caji ba.

Madam ta yi ta zirga-zirga a kan a mayar mata da kwantenarta, aka yi ta ce mata ta dawo. Da ta samu ganinta a filin da ake tara irinsu, an cire ƙofar da kantocin. Ta gwada kafa tebur a ƙofar gidan da take haya, mai gidan ya ce ba ya son ƙarar janareto. Na je na gaishe ta sau biyu. Ta dafa mini taliya da kifi, ta tambayi karatu, ta tambayi Inna, ba ta taɓa ce mini komai a kan taswirar ba, ko da wasa. Na so a ce ta zage ni, ko ta zagi Dakta in taya ta.

Zuwana na uku na tarar da kwaɗo a ƙofar. Maƙwabciyarta ta ce ta sayar wa tela janareton, ɗanta ya zo daga kudu ya tafi da ita. Na tambaya ko ta bar lambar da za a same ta. Matar ta ce ta bari, ta shiga ciki ta daɗe tana nema, ta fito ta ce yara sun yi wasa da takardar.